MAZAN DA SUKA DAWO DAGA DAJI: INA MAGANIN RAUNIN ZUCIYA?

 

Ya 'yan'uwana masu karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne wani bawan Allah da ya sallama mini bayan sallar isha'i. Mutumin wani ƙauye ne da ke tsakanin Batsari da Safana, ya yi shekaru yana cikin 'yan sintirin garinsu. Ya zauna a bakin tabarma ya juya bayansa ga bango, fuskarsa na kallon ƙofa, ya ce yana son a yi masa rubutun sha domin ya yi wata da watanni bai yi barcin kirki ba. Da ya rufe ido sai ya ga fuskar wani abokinsa da aka harbe a gefensa. In ya ji ƙarar babura biyu ko uku tare, sai jikinsa ya ɗauki rawa, ko da a tsakiyar kasuwa yake. Ya ce ya mari ɗansa ƙarami don kawai yaron ya buga ƙofa da ƙarfi. Sa'an nan ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ko dai imanina ne ya yi rauni?"

Na yi masa addu'a gwargwadon abin da Allah ya sanar da ni, na kuma ce masa ya tafi asibiti. Amma tambayarsa ta tsaya mini a rai, domin na tabbata ba shi kaɗai ba ne, akwai irinsa da yawa waɗanda kunya ta hana su buɗe baki.

Abin da ya faru a ƙasar Ruma da Safana

Ba sai an tsawaita ba, kowa ya san halin da yammacin Jihar Katsina ya shiga. Ƙananan hukumomin Batsari da Safana suna bakin dajin Rugu, ƙasar noma da kiwo, ƙasar da aka san mutanenta da jaruntaka tun zamanin Ɗanwaire na Ruma. A cikin watan Mayu na 2019 aka kashe mutum 18 a 'Yargamji, har jama'a suka ɗauko gawarwakin zuwa birnin Katsina domin hukuma ta gani da idonta. A watan Satumba na shekarar nan Gwamna Alhaji Aminu Bello Masari ya shiga yin sulhu da mutanen daji, amma sulhun bai ɗore ba. Ran 14 ga watan Fabrairu na 2020 aka afka wa Tsauwa da Dankar, aka hallaka mutum 30, galibinsu tsofaffi da yara waɗanda ba su iya gudu ba. A 2021 aka toshe layukan waya a waɗannan yankuna na tsawon watanni. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Malam Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, samari sama da 1,400 a kashin farko, daga ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa, har da Batsari da Safana. A 2025 kuma aka yi zaman sulhu a waɗannan ƙananan hukumomi biyu.

Duk wannan an rubuta shi a jaridu. An ƙidaya matattu, an ƙidaya shanun da aka kora da kuɗin fansa da aka biya. Abin da ba a ƙidaya ba shi ne mutanen da suka tsaya a gaba suka dawo da ransu: soja da ɗan sanda da ɗan sintiri da mafarauci, da wanda aka ɗaure a daji wata biyu, da wanda ya haƙa kaburbura goma a yini guda. Haka nan akwai makiyayin da aka ƙone rugarsa bai ci ba bai sha ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2019 cewa a duk inda aka yi fama da yaƙi, mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da wata lalura ta ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. To, mai karatu ya auna wannan da yawan mutanen Ruma da Wagini da Runka da Zakka.

Mene ne wannan ciwo?

Likitoci suna kiransa ciwon firgita bayan bala'i. Asalinsa shi ne, Allah ya halicci ɗan Adam da wata fargaba mai amfani, wadda ke sa zuciya ta buga da sauri, jiki ya shirya gudu ko faɗa in haɗari ya taso. In haɗarin ya wuce sai jiki ya kwanta. Ga wasu mutane kuwa, bayan sun ga abin da ya fi ƙarfin zuciya, sai wannan fargaba ta ƙi kwanciya, ta zama kamar mai gadin da aka manta ba a sallame shi ba. Alamominsa iri huɗu ne. Na farko, abin da ya faru ya riƙa dawowa a mafarki ko a farke, kamar yanzu ake yinsa. Na biyu, mutum ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, ya daina bin wata hanya, ya daina zuwa gona ko jana'iza. Na uku, tunaninsa ya ɓaci, ya riƙa ganin laifin kansa, ya daina amincewa da kowa, ya ji ba ya iya ƙaunar iyalinsa kamar da. Na huɗu, zama cikin shiri kullum, da saurin fushi da razana da rashin barci. In waɗannan suka wuce wata guda suna hana mutum harkokinsa, to ciwo ne, ba hali ba ne.

Sau da yawa yakan zo tare da ɗan'uwansa, watau ciwon damuwa mai nauyi, inda mutum zai yi mako biyu ko fiye ba ya jin daɗin kome, abinci ya fita ransa, jiki ya mutu, har ya fara ganin mutuwa ta fi masa rai. Daga nan ne wasu samari ke faɗawa shan ƙwaya, suna neman barcin da ya ƙi zuwa.

Shin raunin imani ne?

Amsar da na ba baƙona ita ce a'a, kuma ga hujjata. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Annabi Yakubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda baƙin cikin rabuwa da Yusufu ya sa idanunsa suka yi fari, alhali shi Annabi ne ɗan Annabi. A cikin Suratu Ali Imrana an ambaci baƙin cikin da ya lulluɓe Musulmi ranar Uhudu, da yadda Allah ya saukar musu da gyangyaɗi domin su sami natsuwa. Ashe barci bayan firgita rahama ce wadda har sahabbai suka bukata.

Mu dubi yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira. Zaidu ɗan Harisa da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha suka yi shahada ɗaya bayan ɗaya, Halidu ɗan Walidu ya janye rundunar ya dawo da ita Madina. Mutane suka tarye su suna watsa musu ƙasa suna kiransu matsorata. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya kare su, ya ce ba gudu suka yi ba, masu komawa fagen fama ne. Ibnu Hishamu ya kawo cewa Salamatu ɗan Hishamu ya kulle kansa a gida, ya daina fitowa sallar jam'i saboda gorin mutane, har Uwar Muminai Ummu Salama ta lura ta tambayi matarsa. Dubi yadda aka lura da wanda ya ɓace daga sahu, aka tambayi lafiyarsa. Mu yau wa ke tambaya?

Ga kuma Usamatu ɗan Zaidu, wanda ya kashe wani mutum a fagen yaƙi bayan mutumin ya furta kalmar shahada. Annabi ya yi masa faɗa mai tsanani, har Usamatu ya yi burin a ce sai a ranar ya musulunta. Wannan nauyi bai bar shi ba, shi ya sa da fitina ta tashi tsakanin Musulmi daga baya ya ƙi zare takobi. Wannan wani irin rauni ne dabam, raunin wanda hannunsa ya aikata abin da zuciyarsa ta ƙi, kuma ina tsammanin akwai masu ɗauke da shi a garuruwanmu.

Malaman Musulunci ba su bar wannan fage ba. Abu Zaidu Albalhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 Hijira, watau 934, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi bayanin fushi da firgita da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake jinya kamar zazzaɓi. Ya raba baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda ke sauka ba dalili, wanda ya ce tushensa a jiki yake, kuma yana bukatar maganin jiki. Ya kuma nuna cewa mai ciwon yana bukatar wani daga waje wanda zai yi masa magana, domin mutum ya fi karɓar nasiha daga bakin waninsa. Marigayi Farfesa Malik Badri na Sudan ya fassara wannan sashe zuwa Turanci, duniya ta yi mamakin abin da aka rubuta shekara dubu da suka wuce.

Yadda aka fara jinyar zama tare

Turawa sun daɗe suna ganin wannan ciwo ga sojojinsu ba su gane shi ba. A Yaƙin Duniya na Farko sun ɗauka girgizar igwa ce ke taɓa ƙwaƙwalwa. A Yaƙin Duniya na Biyu likitocin soja a Ingila suka fara tara majinyata rukuni rukuni suna tattaunawa, saboda marasa lafiya sun yi yawa likitoci sun yi kaɗan. Kakanninmu da aka kai Bama a wannan yaƙi sun dawo, wasu ana ce musu sun taɓu, yara na binsu da tsokana, ba wanda ya san sunan abin da ke damunsu. Haka aka sake yi bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970.

A 1970 wasu tsofaffin sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam suka fara taruwa a birnin Niyok kowane mako, suna gaya wa juna abin da ba su iya gaya wa matansu ba, suka gayyaci likitocin ƙwaƙwalwa irin su Robert Lifton su zauna tare da su. Daga irin waɗannan zama ne aka matsa har likitocin Amurka suka sanya ciwon cikin kundinsu a 1980. A nan gida kuwa, tun 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara jinyar masu taɓin hankali a cikin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, majinyaci na zaune da danginsa a cikin jama'a maimakon a kulle shi. A watan Oktoba na 2022, wajen aza harsashin cibiyar jinyar wannan ciwo ta sojoji a Abuja, Hajiya Aisha Buhari ta bayyana cewa maigidanta ya yi fama da shi shekaru da yawa bayan yaƙin basasa da tsarewar da aka yi masa. In janar ɗan Daura zai kamu, ɗan sintirin Batsari ba shi da abin jin kunya.

Wani zai ce wannan sai ƙasashen masu kuɗi. Ba haka ba ne. A ƙauyuka 30 na kudancin Yuganda an gwada tara masu ciwon damuwa, maza dabam mata dabam, mutum biyar zuwa takwas, suna zama sau ɗaya a mako har mako 16, mai jagorantarsu kuwa ɗan yankin ne da aka horar na mako biyu kacal. Sakamakon da aka buga a 2003 ya nuna cewa cikin waɗanda suka yi zaman, kimanin 7 cikin 100 ne suka rage da ciwon, alhali cikin waɗanda ba su yi ba fiye da rabi suna nan da shi. A kwarin Suwat na Fakistan, ƙasar Musulmi da ta sha yaƙi, an gwada zama biyar da mata, aka ga sauƙi a fili, aka buga a 2019. A masallatan Somaliland kuma an gwada wani tsari na zama shida, inda ake karanta ƙissoshin Annabawa irin su Ayuba da Yusufu a tattauna jarrabawar da suka sha, sa'an nan kowa ya keɓe ya kai kukan abin da ya same shi ga Ubangijinsa cikin addu'a.

Me ke warkarwa a cikin zaman?

Abu na farko shi ne mutum ya ji wani ya faɗi abin da shi yake ɓoyewa. Wanda ya yi shekara yana zaton shi kaɗai ke farkawa cikin gumi, ranar da ya ji jarumin da yake girmamawa ya faɗi haka, rabin kayansa ya sauka. Na biyu, ciwon yana ƙaruwa ne da gudu: duk abin da aka ƙi tunawa ƙarfi yake ƙarawa. A zaman ana koya wa mutum ya tunkari abin da yake gudu kaɗan kaɗan, yau ya kai bakin hanyar gonar, gobe ya wuce ta tare da aboki, har jiki ya koyi cewa haɗarin jiya ba shi ne na yau ba. Na uku, ana warware mugun tunani. Mai cewa "da na tsaya da bai mutu ba" zai ji waɗanda suka san bakin bindiga sun ce masa da ya tsaya da gawa biyu aka ɗauko. Wannan magana daga bakinsu ta fi ta likita ko ta malami shiga. Na huɗu, ana koyon sarrafa numfashi lokacin razana, da komawa sana'a da jam'i da zumunci ko da rai ba ya so, domin zaman ɗaki abincin ciwon damuwa ne.

Mu Hausawa ba baƙin zama tare ba ne. Muna da majalisa a ƙofar gida, da zaman makoki, da gayya, da halkar karatu tsakanin magariba da isha'i. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara 'Yan Taru, mata na fitowa daga ƙauyuka ƙarƙashin jajinsu, a zamanin da yaƙi ya bar gwauraye da marayu da yawa. Tabarmar tana nan, abin da ya rage shi ne ilmin da za a zauna da shi a kanta.

Sharuɗɗa da gargaɗi

Amma fa kada a ɗauka duk taron hira magani ne. Dole mai jagora ya sami horo, kuma ya kasance akwai ma'aikacin lafiya da ke duba aikinsa. Adadin mutane kada ya wuce shida zuwa goma, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a littafin jagoranta na 2016, mai zama takwas. Maza dabam, mata dabam, kuma kada a haɗa wanda ya yi faɗa da wanda ake zargin ɗan'uwansa na daji. Kada a tilasta wa kowa ya ba da labarin abin da ya gani, musamman a kwanakin farko bayan hari, domin bincike ya nuna tilastawar ba ta da amfani, tana ma iya cutarwa. Sirri kuwa wajibi ne. Shari'a ta riga ta hukunta cewa abin da aka faɗa a majalisa amana ne, kuma a ƙasar da ake tsoron masu kai rahoto daji, fitar da maganar wani na iya zama sanadin ransa.

Gaskiya ce kuma a faɗa, ga wanda ciwon firgitarsa ya yi tsanani, jinyar mutum ɗaya da ƙwararre ta fi ta rukuni ƙarfin hujja a wurin likitoci. Wanda ya fara maganar kashe kansa, ko yake jin muryoyi, ko ƙwaya ta kama shi, ko iyalinsa ke cikin haɗari daga hannunsa, ba a jira zaman mako, a kai shi asibiti nan da nan. Akwai likitoci a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Dawanau ta Kano. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha faɗa, shi ya sa zaman rukuni ya zama hanyar da talakan ƙauye zai iya kaiwa gare ta. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta amince da haƙƙin majinyaci na a kula da shi cikin mutunci. Ɗaure mutum da mari da dukansa da sunan fitar da aljani zalunci ne, addini bai yarda da shi ba. Ruƙiyya da addu'a gaskiya ne, amma ba su hana neman magani, Annabi da kansa ya yi umurni da a nema.

Sharaɗi na ƙarshe ya shafi mu malamai. Wanda ya zo yana kukan jinin da ya zubar ba bisa haƙƙi ba, kada mu rufe masa ƙofar tuba, kada kuma mu ce masa ba kome. Ƙofar tuba a buɗe take, amma haƙƙin bayin Allah ba ya faɗuwa da hawaye. Zaman jinya ba kotu ba ne, ba kuma wurin wanke laifi ba ne. Aikinsa shi ne ya tsayar da mutum da ƙafafunsa har ya iya fuskantar abin da ke kansa.

Kira

Ina kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da ta sanya duba lafiyar zuciya cikin tsarin rundunar tsaron al'umma, tun daga horo har bayan sallama, ta kuma horar da ma'aikatan asibitocin Batsari da Safana da na ƙauyuka a kan jagorancin irin wannan zama. Ina kira ga Sarkin Ruma da Yariman Katsina da dagatansu da su ba da zaure da kariya. Ina kira ga limamai su ambaci wannan ciwo a kan mumbari da sunansa, su daina kiransa ragwanci, su kuma riƙa duba sahu su ga wa ya ɓace. Mata kuma da ke kwana da waɗannan maza cikin tsoro, su ma suna da haƙƙin nasu zaman.

Wannan ba aikin tausayi kaɗai ba ne, aikin tsaro ne. Duk sulhun da aka ƙulla, a kasuwa ake gwada shi, ranar da ɗan sintiri zai haɗa ido da wanda ya san ya kashe ƙanensa. Mutumin da bai yi barci ba wata shida, yana riƙe da bindiga, zuciyarsa cike, ba a san abin da zai yi a wannan rana ba. Yaran da suka taso suna ganin uba na firgita yana duka, su ne manyan gobe.

Baƙon nan nawa ya sake dawowa bayan ya je asibiti. Ya ce an ba shi magani, barci ya fara samuwa, amma abin da ya fi yi masa amfani shi ne wani tsohon soja da ya tarar a layin ganin likita, suka yi hira har aka kira su. Ya tambaye ni ko zan ba su aron zaurena ranar Alhamis, su da wasu abokansa huɗu. Na ce zaure nasu ne, da sharaɗin a samo ma'aikacin lafiya ya zauna da su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.